Hoton bangon wasana ba ya jan kowa a Steam, ina matsalar take?

Mai Madubi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da kuka na zo. Shekara biyu ke nan ina haɗa wani ɗan gem ni kaɗai, irin na wasa ƙwaƙwalwa: ɗan mutum-mutumi ne ya faɗa cikin kogo, kai kuma kana juya masa madubai har haske ya kai inda zai buɗe ƙofa. Wata uku da suka wuce na buɗe masa shafi a Steam, kasuwar nan ta sayar da wasannin kwamfuta a intanet. In na duba alƙaluman da suke ba mai wasa sai in ga ana nuna hotona ba laifi, amma masu danna shi ba su taka kara sun karya ba. Ga hoton nan na sa a ƙasa. Kogo ne mai faɗi, shuɗi mai duhu, ɗan mutum-mutumin yana can kusurwar hagu, siririn haske ya ratso daga sama, sunan wasan kalma huɗu da siririn rubutu. Sati uku na yi ina zana shi, kuma duk wanda na nuna wa sai ya ce ya yi kyau. To ina matsalar take?

Alƙalami da Launi:
Wa alaikumus salam. Ya yi kyau kam, ba ƙarya suka yi maka ba. Amma a ina ka nuna musu shi? Na san amsar: a babban allon kwamfutarka, ya cika fuska. Yanzu yi mini abu ɗaya kafin mu ci gaba. Ka rage shi zuwa fiksel (ƙananan ɗigon allo) 120 a faɗi, 45 a tsawo, ka tashi tsaye, ka ja da baya taku biyu, ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani.

Mai Madubi:
Innalillahi. Baƙin dunƙule kawai na gani da ɗan farin zare a tsakiya. Sunan ma ni da na raɗa shi ban iya karanta shi ba.

Alƙalami da Launi:
To ka ga abin da mai saye yake gani. Steam ba hoto ɗaya take nema ba, iri-iri ne, suna ce musu kafsul. Akwai na kan shafi, 920 da 430. Akwai babba na shafin farko, 1232 da 706. Akwai na tsaye, 748 da 896. Akwai na ɗakin ajiyar wasanni, 600 da 900. Sannan akwai ƙaramin, 462 da 174, wanda su da kansu suke ƙara matse shi zuwa 184 da 69 da kuma 120 da 45 a sakamakon bincike da jerin wasanni. A 2024 ne suka ninka yawancin waɗannan ma'aunai saboda allunan yanzu, amma a idon mai kallo girman bai canza ba.

Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya zana babban, sannan ya yanko sauran daga jikinsa. Ni daga ƙaramin nake farawa. In abu ya rayu a can, zai rayu ko'ina. A ƙaramin nan ma Valve, kamfanin da ke da Steam, da kanta ta ce tambarin sunan ya kusa cika hoton. Kai kuwa sunanka bai ci ko kashi ɗaya cikin biyar ba, kuma siririn rubutu shi ne abu na farko da yake narkewa in an matse hoto.

Ƙari a kan haka, shafin Steam shi kansa shuɗi ne mai duhu. Ka ɗora shuɗi mai duhu a kan shuɗi mai duhu. Hotonka bai da gefe, ya nutse cikin shafin.

Ɗan Waya:
Malama ta gama magana, amma ni nawa gajere ne: ka sa fuska. Babbar fuska, ido a buɗe, launi mai kuka. Labarin zuciya a tambayi fuska. Dubi Clash of Clans, tun 2012 fuskar wannan mai gashin bakin ce take sayar da shi, kuma ka ga yadda ɗaruruwan wasanni suka kwaikwayi mutum mai buɗe baki yana ihu. Ba don wauta suke yi ba, gwaji ne ya nuna musu. Ka jawo ɗan mutum-mutuminka gaba, ka ba shi manyan idanu, ka zuba masa ruwan lemo da ja a baya. An gama.

Tsohon Hannu:
A'a ɗan'uwa, ba a gama ba. Abin da ke aiki a waya kake so ka ɗora wa Steam, kuma kasuwannin biyu ba ɗaya ba ne. A waya yawancin wasannin kyauta ne, mutum ya danna ya sauke, in bai yi masa ba ya goge, bai yi asarar komai ba. Alamar wasan kuma murabba'i ce ƙarama, 512 da 512 a Google Play, babu wurin komai sai abu ɗaya, shi ya sa fuska ta ci kasuwa. A Steam mutum kuɗi zai fitar, kuma yawanci ya san irin wasan da yake nema. Tambayar da idonsa ke yi cikin daƙiƙa guda ba "wannan ya yi kyau?" ba ce. Tambayar ita ce "wannan irin nawa ne?"

Abin da ya fi damuna a hoton Mai Madubi ba duhun ba ne. Ku sake dubawa: kogo mai duhu, ɗan abu shi kaɗai a kusurwa, siririn haske. Wallahi da ban karanta bayaninsa ba, rantsuwa zan yi wasan ban tsoro ne. Mai son ban tsoro ya danna, ya ga madubai da lissafi, ya fita. Mai son wasa ƙwaƙwalwa kuwa tun farko bai danna ba, don ba a kira shi ba. Kuma ina madubin? Wasan gaba ɗaya a kan madubi yake, amma babu ko ɗaya a hoton.

In ka bi shawarar Ɗan Waya ka sa masa fuska mai ihu da jan launi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yanzu kuma wasan faɗa zai zama.

Mai Madubi:
Kai. Maganar madubin nan ta sare ni. Shekara biyu ina kallon madubai har suka daina zama abin kallo a wurina, shi ya sa ban ga dalilin sa su ba.

Ɗan Waya:
Na yarda kasuwa ta bambanta, amma Yaya Tsohon Hannu, kada mu mai da abin wa'azi. In ba a danna ba, duk gaskiyarka banza ce. Wasanni sama da 14,000 aka saki a Steam a 2023, a 2024 suka haura 18,000. Ka raba da kwanakin shekara ka gani, kusan hamsin kullum. A cikin wannan cunkoso wanda ya yi kunya ba a ganinsa.

Tsohon Hannu:
Ban ce a yi kunya ba. Cewa na yi a yi kira da muryar da ta dace. Hangen Dala ba shiga birni ba ne: danna hoto ba saye ba ne, ba ma sa wasa cikin jerin buri (inda mai saye ke ajiye wasannin da yake son saye nan gaba) ba ne. Kuma ka tuna a Steam duk wanda ya saya yana iya neman a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14 matuƙar bai buga awa biyu ba. Wanda hoto ya yaudara ya shigo, shi ne zai karɓi kuɗinsa ya bar maka mummunan sharhi a shafi, kuma sharhin nan ba ya gogewa.

Ku na waya ma ai abin ya taɓa kai ku gaban hukuma. A 2020 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta hana tallan Homescapes da Gardenscapes, waɗannan na zare fil a ceci mutum, saboda abin da ake nunawa ba shi ne ainihin yawancin wasan ba.

Ɗan Kallo:
Ni ba na haɗa wasa, saye kawai nake yi, don haka bari in faɗa muku yadda abin yake daga wannan ɓangaren. Da daddare nake duba Steam, na gaji, yatsa yana kan linzami ina jan shafi. Ba na karanta suna. Gaskiya ba na karantawa. Launi da siffa nake gani, sai wani abu ya ce mini tsaya, sannan in ɗora linzami a kai hotunan cikin wasan su fito. In hotunan nan suka yi hannun riga da bangon, ko shafin ba na buɗewa.

Abin da ke tsayar da ni kuwa siffa ce da ban saba gani ba. Farin kan nan mai ƙaho biyu na Hollow Knight, ko daga nesa ka hango shi ka san shi ne. 'Yan dunƙulallun mutanen Among Us haka. Abin da ba ya tsayar da ni: jarumi ya juya baya, riƙe da takobi, yana kallon wani gari daga nesa. Na ga wannan hoto ya fi sau dubu, sunan kawai ake canzawa.

Alƙalami da Launi:
Allah ya biya ka Ɗan Kallo, abin da ka kira siffa shi ne rabin aikinmu. Mai Madubi, ga gwaji biyu da nake yi wa kowane bango kafin in miƙa shi.

Na farko, in cire launi gaba ɗaya ya koma fari da baƙi. In abin da nake so a gani bai fita daban ba, to launi ne yake rufa mini asiri, kuma ba zai rufa a ƙaramin hoto ba. Ido yana fara bin inda haske da duhu suka yi karo, kafin ya kula da ja ko kore. Wannan gwaji yana kuma taimakon masu matsalar bambance launi, waɗanda ba kaɗan ba ne, musamman cikin maza, kuma ja da kore ne suka fi rikita musu.

Na biyu, in shafe babban abin cikin hoton da baƙi ƙirin, ya zama inuwa kawai. In har yanzu ana gane mene ne, ya ci. Ɗan mutum-mutuminka in an shafe shi akwati ne kawai. Amma in yana riƙe da zagayayyen madubi sama da kansa, haske ya daki madubin ya karye ya nufi wani gefe, to inuwar kaɗai ta ba da labarin wasan. Wannan karyewar hasken ita ce dukiyarka. Babu mai ganin layin haske ya yi kwana a jikin madubi bai gane akwai dabara a ciki ba.

Kuma ka zaɓi abu ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Kogon nan da ka ɓata sati uku a kansa, da duwatsunsa da ɗigon ruwansa, dole ya koma baya ya yi shiru. Na san da zafi.

Mai Madubi:
Da zafi kam Malama. To tambaya: wasan ya samu ɗan yabo a wani bikin baje kolin wasanni na intanet. Na yi niyyar in sa tambarin yabon a kusurwa ko zai ƙara masa kwarjini.

Mai Gudanarwa:
Kada ka soma. Tun 1 ga Satumba 2022 Valve ta hana. A kafsul na dindindin abu uku kawai aka yarda: zanen wasan, sunansa, da ƙaramin taken da ke cikin sunan a hukumance. Ba makin masu sharhi, ba tambarin lambar yabo, ba rubutun rangwame. In ka yi babban sabuntawa kana iya ɗora hoto na wucin gadi mai ɗan rubutu a kai, na wata ɗaya, kuma sai ka fassara rubutun zuwa harsunan da wasan yake da su. Yabon naka akwai wurinsa a cikin shafin.

Ni dai na ji daɗin dokar nan. Kafin ta, wasu bangon sun koma kamar ƙirjin tsohon soja, lambobi ta ko'ina, sunan wasan ma sai ka nema.

Baƙuwa:
Sannunku. Ina bin zancen shiru, amma akwai inda ban gamsu ba. Ana ta cewa bango ya faɗi gaskiya. To Vampire Survivors fa? Cikin wasan 'yan fiksel ne ƙanana kamar na zamanin da, bangon kuwa cikakken zane ne na mutane. Kuma bai hana shi karɓuwa ba. Wasanni da yawa na fiksel haka suke yi. Wannan ba yaudara ba ce?

Tsohon Hannu:
Tambaya mai kyau 'yar'uwa, kuma nan ne mutane suke rikicewa. Gaskiyar da nake nufi ba ita ce bango ya zama hoton cikin wasa ba. Wannan aikin hotunan cikin shafi ne, kuma tun 2016 Valve ta ce su lallai na ainihin wasan za a sa, ba zanen share fage ba. Bango kuwa an yarda ya ƙawata. Abin da ba a yarda ya yi ba shi ne ya canza wa wasan dangi. Bangon Vampire Survivors ya ce maka dodanni, dare, faɗa, kuma abin da ka tarar ke nan. Stardew Valley ya bi ɗaya hanyar, ya bar fiksel ɗinsa a fili, suna a jikin katako, sararin sama da kore, ka gani ka san wasan natsuwa ne. Duka biyun sun cika alkawari.

Wannan rigima ma ta girme mu. A zamanin tsohuwar na'urar wasa Atari 2600 kwalin kaset zane ne na gani na faɗa, ka kunna ka tarar da murabba'ai uku suna motsi, amma zanen yana taya tunaninka ne. Inda aka yi ɓatan kai shi ne irin kwalin Mega Man na Amurka a 1987: wani mutum mai tsufa a fuska, ƙafafu a karkace, riƙe da ƙaramar bindiga, alhali yaron cikin wasan hannunsa ne bindigar. Har yau ana yi masa dariya. Sai kuma Ico a 2001. A Japan da Turai bangon zanen mai tsara wasan, Fumito Ueda, ne da kansa, a salon mai zanen nan Giorgio de Chirico, mutum biyu 'yan ƙanana suna gudu cikin wani makeken gini. A Amurka aka sa fuskar yaro da sanda. Wasa ɗaya, amma bango ɗaya ya faɗi abin da za ka ji, ɗayan bai faɗi komai ba.

Ɗan Waya:
To ka ga ka kama kanka. Bangon Ico da kake yabo, mutum biyu ƙanana cikin makeken wuri, ai shi ne hoton Mai Madubi da kuka ce a rushe.

Tsohon Hannu:
Ka kama ni rabi. Wancan kwali ne, ana ɗaukarsa a hannu a juya shi. Rage shi zuwa 120 da 45 ka ga ko mutum biyun za su rayu.

Alƙalami da Launi:
Kuma hoton nasa ba asara ba ne. Akwai shimfiɗeɗen hoton nan na ɗakin ajiya, 3840 da 1240, wanda ba a sa masa rubutu, tambarin daban ake ɗorawa. Kogon ya je can ya sha iska. Wanda ya riga ya sayi wasan shi ne yake da lokacin kallon ɗigon ruwa.

Baƙuwa:
Na gamsu. Saura ɗaya: wanda bai iya zane ba fa? Yanzu mutane da yawa ƙirƙirarriyar basira (AI) suke sa wa ta yi musu.

Mai Gudanarwa:
Wannan zance yakan tada ƙura a nan, don haka a taƙaice: tun Janairun 2024 Steam tana tambayar mai wasa ko ya yi amfani da ita, kuma ana nuna bayanin a shafin wasan. Kowa ya yi lissafinsa. Mai son muhawarar halasci ya buɗe wani zaren.

Ɗan Kallo:
Ni dai in na ga wannan sheƙin nata, fata kamar an shafa mai, haske ta ko'ina ba a san daga ina yake ba, wucewa nake yi. Ba don aƙida ba. Kawai zuciyata ce take ce mini in bango ba a wahala a kansa ba, cikin ma haka.

Alƙalami da Launi:
In za ka ɗauki mai zane, shawara ɗaya: kada ka ce masa "yi mini hoto mai kyau". Ba shi wasan ya buga, ka nuna masa bangon wasanni biyar da kake so a ajiye naka kusa da su, kuma ka sharɗanta ya ba ka fayil ɗin falle-falle, bayan hoto daban, jarumi daban, suna daban. Na taɓa karɓar aikin gyara daga wani da mai zanensa ya ba shi hoto guda a manne, ya ɓace. Da aka zo yin na tsaye sai da na sake zana rabin jikin jarumin, don an yanke shi a gwiwa.

Ɗan Waya:
Duk wannan ra'ayi ne fa, har nawa. Mu a waya ba ma gardama, gwadawa muke yi. Google Play tana barinka ka raba masu ziyara, wasu su ga wannan alama wasu su ga waccan, alƙaluma su yanke hukunci. Apple ma ta kawo irin nata a 2021, har kala uku kake gwadawa a kan na asali.

Tsohon Hannu:
Steam ba ta da wannan, sai dai ka canza ka kwatanta kafin da bayan. Kuma a yi hattara: kada ka canza ana tsakiyar rangwame ko wani biki, don mutanen da ke wucewa a lokacin daban ne, sai ka ɗauka hoton ne ya yi aiki. Ka canza a mako na shiru, ka bar shi ya daɗe, kuma kada ka tsaya kan yawan dannawa. Duba ko masu sa shi a jerin buri sun ƙaru. In dannawa ta hau amma jerin buri bai motsa ba, baƙin da ba naka ba ka gayyato.

Hanya mai arha kafin nan: ɗauki hoton shafin Steam na wasannin wasa ƙwaƙwalwa, ka manna naka a tsakiyarsu, ka nuna wa wanda bai san wasanka ba na daƙiƙa biyu, ka rufe. Kada ka tambaye shi ko ya yi kyau, kunyarka zai ji. Tambaye shi me ake yi a wasan.

Mai Madubi:
Na dawo bayan kwana huɗu. Ga sabon. Ɗan mutum-mutumin ya dawo gaba, ya ɗaga madubi, haske ruwan ɗorawa ya sauko ya karye ya bi ta ƙarƙashin sunan. Kogon na dusashe shi, na ɗan haska shi ya rabu da launin shafin. Sunan na yi shi da kauri, layi biyu. Na yi gwajin daƙiƙa biyun da mutum shida. Biyar sun ce wani abu ne na haske da madubi. Ɗaya ya ce wasan wanke kwano ne.

Ɗan Waya:
Hahaha. Gaskiyarsa, madubin ya yi kama da faranti. Amma ka ga dai ka sa masa idanu, ban faɗi ƙasa banza ba.

Alƙalami da Launi:
Ya yi nisa da na farko. Madubin ka ba shi ɗan ƙyalli a gefe ɗaya da siririn firam, farantin zai tafi. A na tsayen kuma layin hasken ya ratsa harafi na biyu na sunan, ya mai da shi kamar wani harafi daban. Sauke sunan ƙasa kaɗan. Ƙaramin fa, ban gan shi ba, ko shi ma yanko shi ka yi?

Mai Madubi:
Yanko shi na yi Malama. Na koma.